Ginin Makaranta A Dakoro: Abin Da Za Mu Koya Daga Ƙasashen Girgizar Ƙasa

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa yi wa mota lodi daga Maraɗi zuwa Dakoro ya san cewa mugun ɗauri ya fi yawan kaya ɓarna. Buhu ɗari in aka jera su da kyau, aka zagaye su da igiya aka tamke, sai su yi tafiyar fiye da kilomita 100 ba wanda ya motsa. Amma buhu ashirin in aka jibga su haka kawai, ramin farko ya isa ya watsar da su a kan hanya. To jama'a, wannan ilimi da 'yan dako da yaran mota suka sani, shi ne injiniyoyi ke aiki da shi a ƙasashen da ake fama da girgizar ƙasa in za su gina makaranta: a ɗaure tushe da bango, a ɗaure bango da bango, a ɗaure rufi da bango, har ginin ya zama jiki ɗaya.

Gundumar Dakoro tana da mutane fiye da dubu 600 a ƙidayar shekarar 2012, kuma kowace shekara yaran da ke gama firamare daga Kornaka, Sabon Mashi, Birnin Lalle da sauran ƙauyuka ƙaruwa suke yi. Dole ne a ci gaba da gina kwaleji da lise domin su. Shi ya sa muka ga ya dace mu zauna da masu karatunmu, musamman 'yan kasuwa da iyayenmu mata masu sana'a, mu duba yadda ake tsara ginin da ba zai zama kabarin 'ya'yanmu ba.

Ina ruwanmu da girgizar ƙasa?

Wata za ta ce, mu da tun kakanninmu ba mu ji an ce ƙasa ta girgiza ta rushe gari ba, me ya haɗa mu da wannan zance? Tambayar tana bisa hanya. Masana sun ce bayan duniya kamar fasasshiyar ƙwarya yake wadda aka ɗinke, kuma mafi yawan girgiza a bakin ɗinkin take aukuwa, inda sakaina ke gogar sakaina. Allah ya ajiye Nijar nesa da bakin ɗinki, shi ya sa muke barci lafiya ta wannan fanni.

Amma maƙwabtanmu sun ɗanɗana. A shekarar 1939 girgiza ta kashe mutane a birnin Accra na ƙasar Gana, inda 'yan uwanmu fatake ke zuwa tun zamanin cinikin goro. A watan Disamba na 1983 ta halaka ɗaruruwan mutane a yankin Gaoual na ƙasar Gini. A watan Mayu na 2003 ta kashe fiye da mutum 2,000 a Boumerdès ta ƙasar Aljeriya, wadda muke iyaka da ita, sannan a watan Satumba na 2023 ta kashe kusan mutum 3,000 a Maroko. Ko a Najeriya an ji motsin ƙasa a garin Kwoi na jihar Kaduna a 2016, da unguwar Mpape ta Abuja a 2018.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne yadda makarantu ke fara faɗuwa. Ranar 8 ga Oktoba 2005 girgiza ta auka wa arewacin Pakistan da hantsi, yara suna cikin aji, dubbansu suka mutu a ƙarƙashin rufin makarantunsu. Hukumomin ƙasar Sin da kansu sun ce ɗalibai 5,335 suka mutu ko suka ɓata a girgizar lardin Sichuan ta watan Mayu na 2008, kuma iyaye sun yi ta kuka da cewa akwai wuraren da makaranta ta zube alhali gine-ginen da ke kusa da ita suna tsaye. Dalili shi ne aji ɗaki ne mai faɗi, mai dogon bango da manyan tagogi, ba kamar ɗakin kwana ba da bangaye ke kusa da juna suna tallafar juna. In aka haɗa wannan da ɗan kwangilar da ya ci siminti, to sai dai addu'a.

Namu bala'in

Mu a nan, abin da ke cin makarantunmu sananne ne. Idan mai karatu bai manta ba, ranar 13 ga Afrilu 2021 wuta ta kama azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara 20 suka ƙone. Ba a gama zaman makoki ba, ranar 8 ga Nuwamba ta wannan shekara wata gobarar ta tashi a cikin garin Maraɗi, ta ci aƙalla yara 25 'yan shekara 5 zuwa 6. Bayan nan ne gwamnatin wancan lokaci ta hana sa yaran ajin share fage a cikin zana, kuma hukumomi suka ce akwai irin waɗannan azuzuwa wajen 36,000 a faɗin ƙasa.

Sai kuma ruwa. A daminar 2024 ambaliya ta kashe fiye da mutum 300 a Nijar, jihar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki, tsohon masallacin Birni na Damagaram ya rushe, har aka ɗage komawa lakwal daga ranar 2 zuwa 28 ga Oktoba saboda azuzuwa da yawa sun lalace, wasu kuma waɗanda suka rasa gidaje sun fake a ciki. Iska kuwa ba sai an faɗa wa mutumin Dakoro ba. Hadarin farkon damina in ya taso daga gabas da ƙurarsa, kowa ya san yadda yake kwashe kwanon aji ya jefar a gonar maƙwabci.

Akwai kuma wanda ya fi su duka ciwo, wato ginin da ke faɗuwa da kansa. Ranar 12 ga Yuli 2024 wata makarantar sakandare mai bene ta rufta a unguwar Busa Buji ta birnin Jos, yara suna cikin aji, mutum 22 suka rasu. Ƙasa ba ta girgiza ba a ranar.

Ga inda maganar ta haɗu. Girgizar ƙasa tura gini take yi ta gefe, haka ita ma iska. Girgiza tana sa tushe ya zauna ba daidai ba, haka shi ma ruwa in ya kwanta a gindin bango. Saboda haka dabarar da ta tsayar da makaranta a Japan ko Chile, ita ce za ta tsayar da ita a Dakoro, kuma yawancinta ba kayan waje take buƙata ba.

Daga tushe ake farawa

Ƙasar Dakoro iri biyu ce. Akwai jigawa mai rairayi, akwai kuma laka a kwaruruka irin na Tarka. Laka tana kumbura da damina, ta motse ta tsage da rani, kuma duk ginin da ke kanta yana bin wannan motsi har bangonsa ya dare. Rairayi kuma ruwa na iya zaizaye shi daga ƙarƙashi. Don haka kafin a sa diga, sai an haƙa ramukan gwaji an ga irin ƙasar, an kuma tambayi tsofaffin unguwa inda ruwa ke bi a shekarar da aka yi damina mai ƙarfi. Filin da aka bayar kyauta don yana cikin kwari, tsadarsa tana gaba.

Tushe sai ya kai ƙasa mai tauri, ya kuma zagaye ginin duka ba tare da yankewa ba. A ɗaga daɓen aji sama da ƙasa da kamar taki biyu ko uku na matakala, a yi wa gindin bango daɓe mai gangara ta waje domin ruwan da ke zubowa daga rufi ya yi nisa da shi.

Ɗamara da ginshiƙi

Bangon bulo yana da ƙarfin ɗaukar nauyi daga sama, amma in aka ture shi ta gefe ba ya da juriya. Maganinsa shi ne a yi masa ɗamara ta kankare da ƙarfe, wadda maginanmu ke kira shenaj. Ɗamara ɗaya tana kan tushe, ɗaya a saman bango inda rufi zai zauna, kuma da yawa sukan ƙara wata a kan ƙofofi da tagogi. Sharaɗinta shi ne ta zagaye ginin ta haɗe, ƙarafunta su shige juna a kowace kusurwa. Ɗamarar da ta yanke a tsakiya kamar zanen da ba a soke bakinsa ba ne.

Sai ginshiƙai, a kowace kusurwa, da duk inda bango ya haɗu da bango, da gefen manyan ƙofofi da tagogi. Aji a ƙasarmu galibi mita 9 ne a tsawo, 7 a faɗi, saboda haka ba a barin dogon bangon nan da ginshiƙan kusurwa kawai, ana sa wasu a tsakiya ta yadda tazara ba za ta wuce kamar mita 4 ba. Dabarar da ta fi tasiri ita ce a fara gina bango, a bar bakinsa da haƙora, wato bulo ɗaya ya fito ɗaya ya shige, sannan a zuba kankaren ginshiƙi ya cika tsakanin haƙoran ya kama bangon gam. An fara amfani da wannan salo a Italiya bayan girgizar Messina ta 1908, ya bazu zuwa Chile, Peru da Meziko, kuma gine-ginen da aka yi da shi yadda ya kamata sun sha tsallake manyan girgiza.

A cikin kowane ginshiƙi ana sa sandunan ƙarfe huɗu, masu kaurin milimita 10 ko 12, a ɗaure su da ƙananan zobba na milimita 6 a tazarar da ba ta wuce taƙi ɗaya ba, a ƙara matse su kusa da sama da ƙasa. Bakin kowane zobe sai an lanƙwasa shi ya shige ciki kamar ƙugiya, domin in ba haka ba ranar da nauyi ya matsa sai ya buɗe. Kuma ƙarfe ba ya son iska da ruwa, dole kankare ya rufe shi da kaurin yatsu biyu, in ba haka ba tsatsa ta ci shi ta fasa ginshiƙin daga ciki.

Siffar gini ma tana da nata. Ginin da ya fi juriya shi ne mai sauƙin siffa, kamar akwati. In ana son makaranta ta zagaye fili, gara a yi gine-gine daban-daban da ɗan rata a tsakaninsu, da a yi guda ɗaya mai lanƙwasa, domin a kwanar nan tsaga ke farawa. Kada taga ta manne da kusurwa, kada kuma tagogi su cinye bango har ya zama ba abin da ya rage sai siraran tsaye. A wuri irin Dakoro da Allah ya hore fili, ba abin da zai sa a ɗora aji a kan aji. In kuwa dole sai an yi bene, to lissafin injiniya wajibi ne, da matakala biyu masu faɗi.

A nan muna jan kunnen 'yan uwanmu 'yan kasuwa masu gina bene, ƙasa shaguna sama makarantar kuɗi ko gidan haya. Shaguna suna son buɗaɗɗiyar gaba, sai a cire bango a bar nauyi duka a kan siraran ginshiƙai. Irin waɗannan gine-gine suna cikin waɗanda suka fi zubewa a girgizar Turkiyya ta Fabrairun 2023, wadda ta kashe fiye da mutum dubu 50. Haka nan ƙara bene a kan ginin da tushensa na hawa ɗaya ne, ɗora wa jaki kayan raƙumi ne.

Rufi da ƙofa

Rufi mara nauyi ya fi aminci, domin ko ya faɗo ɓarnarsa kaɗan ce. Sai dai mara nauyi shi iska ke ɗauka. Iska in ta bi ta kan kwano tsotsarsa take yi sama, in kuma ta samu shiga ta taga sai ta tura shi daga ciki. Don haka ƙarfe ko katakon da ke ɗauke da kwano ba a aza shi kawai a kan bango a danne da bulo. Ana binne ƙarafan ɗauri a cikin ɗamarar sama tun kankare yana ɗanye, a ɗaure rufin da su, sannan a kama kwano da ƙugiya ko noti mai roba, a yawaita su a gefuna da kusurwoyi inda iska ke fara ɓamɓara. In katako ne, a shafe shi da maganin gara.

Maginanmu na gargajiya sun daɗe da sanin cewa bangon gabas shi ke shan dukan ruwa. Saboda haka a juya wa gabas gajeren bango mara taga, tagogi su kalli kudu da arewa. Da haka an rage dukan hadari, an rage rana, iska kuma ta ratsa ajin, abin da ake nema a watan Afrilu da Mayu lokacin da zafi ke wuce digiri 40 kuma yara na shirin jarrabawa.

Ƙofa kuwa ta buɗe ta waje, kada ta buɗe ta ciki. Yara sittin in suka firgita suka yi kan ƙofa gaba ɗaya, mai buɗewa ta ciki rufewa za ta yi. Kowane aji ya samu hanyar fita biyu, ko da ta biyun taga ce wadda ƙarfenta ke buɗuwa daga ciki.

Mudun siminti

Duk wannan tsari banza ne in aka yi algus a kwaɓi. Matar da ke sayar da gero ta san tiya cikakkiya, ta kuma san wadda aka bubbuge gindinta. Shi ma kankare yana da mudunsa. Na ginshiƙi da ɗamara, ƙa'idar da aka saba ita ce kilo 350 na siminti a kowace mita kubik, wato buhu 7 masu kilo 50. A wajen aiki ana kwatanta shi da buhu ɗaya na siminti, baro ɗaya na yashi, baro biyu na tsakuwa. Ruwa kada ya yi yawa, kankaren da ya tsinke kamar kunu ba ya ƙarfi.

Rairayin jigawa ya cika laushi, wani kuma yana da ƙasa a ciki. Gwajinsa ba wuya: a zuba shi a kwalba da ruwa, a girgiza a ajiye. Yashi zai kwanta a ƙasa, laka ta taru a samansa, in lakar ta yi kauri to a nemi wani ko a wanke shi. Bulo mai kyau in aka sake shi daga tsayin ƙirji a kan ƙasa mai tauri ba ya rugurgujewa, kuma farce ba ya kankare shi. Buhun simintin da ya sha raɓa ya yi dunƙule ya mutu, ko daga Malbaza aka ɗauko shi jiya.

Abin da aka fi sakaci da shi shi ne ban ruwa. Kankare ba bushewa yake so ba, sha yake so. Sai an riƙa jiƙa shi safe da yamma aƙalla kwana 7, kuma ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai bayan kwana 28. A Dakoro inda rijiya ke da zurfi kuma ruwa kuɗi ne, nan ɗan kwangila ke fara tsimi. Lallai a sa kuɗin ruwa a cikin lissafi tun farko, a rufe kankaren da tsofaffin buhuna jiƙaƙƙu don kada rana da iskar hunturu su shanye shi.

Ƙasa ba abin raini ba ce

Kada wani ya ɗauka gini na zamani sai siminti zalla. A garin Dandaji na jihar Tawa, 'yar ƙasarmu mai zanen gine-gine Mariam Issoufou Kamara tare da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun gina sabon masallaci, suka mayar da tsohon ɗakin karatu, aka kammala a 2018. Da tubalin jar ƙasa da aka matse da inji suka yi aikin, da hannun maginan wurin. Ita ce kuma ta tsara kasuwar garin da irin wannan tubali da rumfunan ƙarfe masu launi.

A Burkina Faso, Francis Kéré ya gina firamaren ƙauyensu Gando a 2001 da tubalin ƙasa, ya ɗaga kwano sama da silin ya bar rata, iska tana ratsawa tana kwashe zafi, bakin rufin kuma ya fito sosai yana kare bango daga ruwa. A 2016 ya kammala lise Schorge a Koudougou da jan dutse na yankin. A 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci Pritzker, babbar kyautar masu zanen gine-gine ta duniya. Mu ma muna da namu gwanayen tun da: masallacin Yama da Falke Barmu ya fara ginawa a 1962 ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Tubalin ƙasa ya fi bulo sanyi, kuma kuɗinsa a gari yake zama. Amma shi ma ba ya wuce doka, yana son busasshen tushe da ɗamara da rufi mai faɗin baki.

Me ya rage gare mu?

Japan ba da rana ɗaya ta gyara makarantunta ba. Bayan girgizar Kobe ta 1995 ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana ƙarfafawa, har yau kusan duk makarantun gwamnati na firamare da ƙaramar sakandare sun cika ƙa'ida. A Nepal kuma, makarantun kwarin Kathmandu da aka ƙarfafa kafin girgizar 2015 sun tsaya, alhali dubban azuzuwa sun rushe a ƙasar.

Mu ba mu da kuɗin Japan, amma muna da ido. Mu ne masu sayar da siminti da ƙarfe da kwano. Mu ne ke biyan harajin kasuwa da ma'aikatar magajin gari ke aiki da shi. Mu ne ke zaune a kwamitin kula da makaranta na COGES da ƙungiyar iyaye mata. Idan za a gina aji a garinku, ku nemi a kafa allo mai sunan ɗan kwangila da mai sa ido da kuɗin aiki da wa'adi. Ku nemi a gaya muku ranar da za a zuba kankare, ku aika mutum biyu su ga ƙarfe kafin a rufe shi, domin bayan an yi filasta an shafa fenti ba mai iya bambance ginshiƙi mai sanda huɗu da mai biyu. Ku ƙirga buhunan da suka shigo da waɗanda aka zazzage. Inna mai tuwo da ke sayar wa leburori abinci a bakin aiki ta fi kowa sanin ko an ba gini ruwa.

Kai kuma Alhaji mai shago, in ɗan kwangila ya zo ya ce ka ba shi ƙarfe na 8 ka rubuta na 12 a takarda, ka tuna ba ka san ɗan wa zai zauna a ƙarƙashin wannan rufi ba, wataƙila jikanka ne. Hukumomin jiha da na gunduma kuma muna roƙonsu kada su karɓi makullin gini sai injiniya ya duba ya sa hannu, kuma a riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila har ginin ya ga damina ɗaya. Allah ya tsare mana zuri'a, ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, amin.